Sabar Gwaji da Bencin Mai Shayi

Laraba, bayan magariba

Ta ɗora shi! Jikata ta ɗora shi a kan saba, ya tashi, ya buɗe, na gani da idona a cikin wayata!

Au, ko bisimilla ban rubuta ba. To, da sunan Allah. Malaminmu na ajin yamma na yaƙi da jahilci ya sha gaya mana a fara da gaisuwa kafin labari. Allah Ya jiƙansa, yau labarin ya fi ƙarfin tsari.

Bari in bi a hankali. Injiniya nake nufi, ɗiyar 'yata ta fari. Kamfanin bas ɗin da na yi wa tuƙi har kaina ya yi fari, shi ya ɗauke ta aiki a sashen kwamfuta. Tana cikin watannin gwaji, ba a tabbatar da ita ba tukuna. Aikin da aka ɗora mata shi ne manhajar direbobi. Direba zai buɗe wayarsa ya ga motar da zai ja, da hanyar da zai bi, da lokacin fita. In mota tana da matsala ya rubuta, saƙon ya tafi wurin kanikawa kai tsaye. Mu a zamaninmu sai ka bi bakanike har banɗaki kana roƙo ya duba maka birki.

Ta shigo gida ko jaka ba ta ajiye ba, ta ce, "Angona, kawo wayar nan taka mai tsagaggen gilashi."

Na ce, "Amarya, ki girmama ta, ta riga ki sanin lambar uwarki."

Ta latsa-latsa, sai ga tambarin kamfani. Har suna ta yi mini a ciki, ta ba ni mota. Tsohuwata ta leƙo ta ce, "Mutumin da gwiwarsa ba ta hawa matakala, shi aka bai wa bas? Allah Ya tsare fasinjoji."

Na tambayi Injiniya ina abin yake zaune, tunda ba a wayata aka gina shi ba. Ta ce akwai wata babbar kwamfuta a ɗaki mai sanyi a benen ofis, ba a kashe ta dare da rana, ita ce saba. A kanta ake ɗora manhaja, waya leƙawa kawai take yi ta adireshi. Kuma sabar biyu ce, ta gwaji da ta aiki. Ta gwaji kamar filin koyon tuƙi take. An zuba mata sunayen direbobi da tsohon jadawali don a gwada, duk abin da aka rubuta a ciki ba mai karantawa, ƙarshen mako a share. Ta aiki kuwa sai Litinin za a buɗe.

Ta ce, "Wannan na gwaji ne fa, Kaka. Na kallo ne, naka kai kaɗai."

Na ce na ji.

Alhamis, da hantsi

Na je gareji. Katin shigata na 'yan fansho yana aiki har yanzu, mai gadi ma ba ya dubawa. Na zauna a wurina a bencin mai shayi, gefen da ke jingine da katanga.

Wanda bai yi aiki a garejin nan ba ba zai gane ba. Akwai allon sanarwa kusa da ofishin mai raba aiki. Tun ina yaron mota ban taɓa ganin direba ya tsaya a gabansa ba, sai dai ya gyara hula a gilashin. Duk abin da ya sauko daga bene, ko ƙarin awa ko canjin hanya, ba ya zama gaskiya sai an faɗe shi a benci. In tsoho a benci ya ce haka ne, to haka ne.

Na ciro waya. Wallahi shayi ya huce a hannun mutane. Dogo, wanda ni na koya masa juya sitiyari, ya ce, "Baba, wai yarinyar nan da muke saya wa alewa ce ta yi wannan?" Ya karɓi wayar, ya tura wa kansa adireshin, ya sa lambar aikinsa, sai ga sunansa ya fito. Ya yi tsalle kamar an yi masa haihuwa. Kafin in gama kofina wayoyi sun zagaye benci, wannan yana tura wa wancan, wani yaro mai jan motar asuba yana nuna musu yadda ake ajiye tambarin a fuskar waya don kada a sha wahalar nema.

Mai shayi ya ce yau kofina kyauta ne, kakan injiniya ba ya biya.

Na dawo gida a ƙasa don in ji daɗin tafiyar.

Litinin, bayan azahar

An buɗe ta aikin yau. An yi taro a filin gareji, an kafa rumfa. Shugaban sashensu, wani mai sa kwat ko ana zafin da ke narka kwalta, ya yi jawabi har ƙafata ta yi sanyi. Na yi, na tsara, na hango. Sunan yarinyar bai fito daga bakinsa ba ko sau ɗaya. Tana can baya riƙe da igiyar lasifika kada wani ya taka. Igiya! Wadda ta yi wata da watanni ba ta cin abinci a zaune.

Mai Kwat ya manna takarda a allon sanarwa da hannunsa, aka ɗauki hoto. Ya ce adireshin yana nan, kowa ya kwafa. Direbobi suka tafa masa, suka koma benci suna dariya. Dogo ya ce, "Mu da muka riga shi shiga."

Na yi dariya tare da su. Amma jawabin nan ya tsaya mini a rai.

Laraba, da yamma

An samu ruɗani a gareji. Direbobi biyu sun zo wa mota ɗaya, wata hanyar kuma ba wanda ya fita sai da rana ta ɗaga. Mai raba aiki yana ta ihu, kowa yana nuna masa waya yana cewa ga abin da aka rubuta masa.

Sabon abu ne. Sabuwar taya ma sai ta yi ƙara kafin ta zauna.

Juma'a, da safe

Jiya ma haka. Injiniya ba ta ci abinci ba.

Asabar, bayan la'asar

Ranar hutu ce amma Injiniya ta tafi ofis. Ta dawo idonta ja. Ta ce ta sauke manhajar daga sabar aiki, ta sake ɗorawa, ta bi jadawalin layi-layi, komai daidai yake. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, direbobin ƙananan garejin kamfani guda biyu suna shiga lafiya, amma daga babban gareji, wato namu, kusan ba wanda yake shiga. Kuma su ne masu cewa waya ta ba su lokaci.

Na ce me shugabanta ya ce.

Ta ce wai ya ce direbobin babban gareji tsofaffi ne, ba su iya karatu ba, ƙarya suke yi don su ɓoye jahilcinsu.

Jahilci! Na tashi tsaye ban san na tashi ba. Ni da na haifi 'ya'ya huɗu kafin in iya rubuta sunana, na san abin da ake kira jahilci, na ɗanɗana shi. Ina sauka daga mota da yamma, hannuna duk baƙin mai, in je in zauna a kujerar yara gwiwata tana dukan tebur, ina haɗa baƙi da wasali. Dogo a bayana yake zama a ajin. Rabin bencin nan tare muka karɓi takardar shaida. Shi Mai Kwat da aka kai makaranta a mota, a ba shi bas cike da mutane a kan gangara da ruwan sama mu ga karatunsa.

Tsohuwata ta ce in zauna kada jinina ya hau. Na ce ya hau ɗin.

Injiniya ta ce Litinin za ta sauka gareji da kanta ta duba wayoyinsu. Na ce ai ba sai ta wahala ba. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba.

Litinin, bayan isha

Ba ta samu sauka ba. Mai Kwat ya ce injiniya ba ta yawo a gareji, ta zauna ta rubuta masa rahoto.

Talata, da azahar

Dogo yana asibiti. Birki ya ƙi a gangaren kasuwa, ya kauce wa mutane ya ba katanga. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Fasinjoji sun ƙuƙƙuje, shi ƙafarsa ta karye.

Yana ta rantsuwa cewa ya rubuta a waya tun makon jiya birkin yana laushi, har sau biyu. Kanikawa sun rantse ba su ga komai ba.

Wani yana ƙarya. Dole wani yana ƙarya.

Laraba, bayan la'asar

Mun je duba Dogo, ni da Injiniya. Ɗakin gado shida ne, nasa na bakin taga, an rataye ƙafar da igiya. Da ya gan ta ya yi ƙoƙarin wasa, ya ce, "'Yata, manhajarki ta ba ni hutun da kamfani ya hana ni."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba Dogo, ara mini wayarka."

Ta buɗe. Ta daɗe tana kallon saman gilashin, wurin da adireshi yake. Na ga yatsanta ya tsaya cak.

Ta ce, "Baba Dogo, wannan ba wanda aka manna a allo ba ne. Wa ya ba ka?"

Dogo ya dube ni. Ya dubi ƙafarsa. Ya ce, "A gareji na samu, 'yata. Kowa ma shi gare shi."

"Kowa?"

"Kowa."

Akwai wata bishiya a bayan tagar asibitin, tsuntsaye sun cika ta. Ban san irinta ba.

Muka kamo hanyar gida. Ta biya wa kanta kuɗin mota, ta zauna a gaba.

Alhamis, da asuba

Ni ban karya ƙafar kowa ba.

Alhamis, da yamma

Injiniya ta faɗa wa manyan ofis da bakinta cewa babban gareji gaba ɗaya a sabar gwaji yake. Tsohon jadawali suke bi, kuma saƙon Dogo yana ciki aka share ranar Asabar. An rufe sabar nan take. Duk wayoyin direbobi suka mutu lokaci ɗaya, an koma takarda da alli.

An dakatar da ita. An karɓi kwamfutarta da katinta, mai gadi ya raka ta har bakin titi kamar ɓarauniya. Za a kafa kwamiti.

Ga abin da na fahimta, kuma na sa ta maimaita wa uwarta ina daga ɗaki ina ji. Sabar gwaji ba a isa a gan ta daga waje ba, sai kana cikin ofis. Akwai ƙofa da ake rufewa. Wani ya buɗe ƙofar. Ta ce Mai Kwat ne ya sa a buɗe a watan jiya, don zai nuna wa manyan kamfani a wani otal, kuma bai ce a rufe ba. Da baki ya faɗa, a tsaye, yana sauri. Yanzu ya ce shi bai tuna ba.

Bai tuna ba! Jawabin awa guda ya haddace, wannan ne bai tuna ba.

Da ƙofar a rufe take, ko adireshin ya zaga duniya ba abin da zai buɗe. Wannan kowa ya sani. A rubuta wannan.

Asabar, da hantsi

Ban je benci ba. Gwiwa.

Lahadi, bayan azahar

Uwar Injiniya ta zo. 'Yar da na goya a kafaɗa ta tsaya a tsakar gidana ba ta ko zauna ba.

Ta ce, "Baba, tambaya ɗaya zan yi."

Na ce in ta zo gaishe ni ne ga kujera, in kuma ta zo tuhuma ne kotu tana cikin gari.

Ta ce, "Ta ce maka naka ne kai kaɗai, ko ba ta ce ba?"

Na ce mata ta je ta tambayi mai kwat ɗin da ya bar ƙofa a buɗe. Na ce ta tambayi kamfanin da yake barin mota ta fita ba a taka birkinta an ji ba, sai an jira waya. A zamaninmu bakanike yana zagaya kowace mota da asuba, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Na ce ta tambayi wanda ya hana yarinya sauka gareji ranar Litinin, da ta sauka da Dogo yana kan ƙafarsa. Na faɗi abubuwa da yawa, duk gaskiya ne.

Ta bari na gama. Ta ce, "Duk na yarda, Baba. Amma ba ka amsa ba."

Tsohuwata tana tsintar wake a faranti, ba ta ɗago ba. Ko ita ba ta tare mini ba.

Na gaya musu na gwaji ne a benci? Ina jin na faɗa. Hayaniya ta yi yawa a ranar.

Litinin, da yamma

Injiniya ta kawo mini magani da ruwa. Ta ce, "Ga shi, Kaka." Tun ranar asibiti ba ta ce angona ba.

Na ce, "Amarya, an daina yi da ni ne?"

Ta ce, "Ka sha kafin ya yi ɗumi."

Talata, bayan magariba

Mai shayi ya aiko a tambayi lafiyata. Ya ce a benci an rantse ba mai sake sa wani abin kamfani a wayarsa, wai abin ya kusa kashe Dogo. Wai har wasu suna cewa aikin yara ne. Mutanen da suka yi ta tsalle! Mutanen da suka fizge mini waya daga hannu! Yau su ne masu cewa aikin yara.

Ba wanda ya ambaci sunana, in ji shi. Ko mutum ɗaya. An tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce a gareji ya samu.

Ban san ko in gode musu ko in zage su ba.

Laraba, da safe

Ni ban buɗe ƙofar kowa ba. Ban san ma inda ƙofar take ba.

Alhamis, bayan la'asar



Uwar Injiniya ta dawo, wannan karon ta zauna. Ta ce kwamiti ya zauna jiya. Ashe saba tana rubuta sawun duk wanda ya shiga, da lokacin da ya shiga. Sun ga cewa kafin kowane direba, akwai wani suna da ya fara shiga daga waje, sunan da ba ya cikin ma'aikata, kuma Injiniya ce ta ƙirƙire shi. Suka tambaye ta na wane ne. Ta ce nata ne, na gwaji. Suka ce to yaya adireshin ya isa gareji. Ta ce ba ta sani ba. Suka ce ko dai ta faɗi wanda ta bai wa, ko su ɗauka ita ta raba wa direbobi da gangan don a yabe ta kafin ranar buɗewa. Mai Kwat ne ya kawo wannan fassarar. In aka tafi a haka, kora ce, da takarda mai baƙin tambari da za ta bi ta duk inda ta nemi aiki.

Ta ce ba ta sani ba. Sau uku.

Na shiga ɗakinta ban yi sallama ba. Na ce wa ya sa ta? Wa ya ce mata ina neman wanda zai tsaya a gabana? Ni da na ja mota cikin ambaliya, yarinyar da aka haifa jiya ce za ta ɓoye ni a bayan zanenta?

Ta ce, "Za su karɓe katinka, Kaka. Bencin nan shi ya rage maka. In aka hana ka shi, zama za ka yi a ɗaki har ka lalace."

Na ce bencin uban wa? Katako ne da ƙusa!

Ta ce, "Ni na sa maka a waya. Na san ƙofar a buɗe take, na san bai kamata ba. So nake ka gani." Sai ta fashe da kuka.

Na fito. Na zagi kujerar da na yi tuntuɓe da ita, na zagi Mai Kwat, na zagi wanda ya ƙirƙiro waya. Tsohuwata ta ce, "Saura mutum ɗaya ba ka zaga ba." Na ce ta bar ni.

Juma'a, da asuba

Tsohuwata ta goge mini farar rigata ba tare da na ce ba. Tsohuwar nan ta fiye sani.

Juma'a, da yamma

Na hau benen. Shekara da shekaru ina aiki a kamfanin nan ban taɓa wuce hawa na farko ba. Na wuce ɗakin mai sanyin, ƙofar gilashi ce, wasu akwatuna baƙaƙe masu ƙyafta fitilu. Ashe abin da ya hana gidana barci bai fi firiji girma ba.

'Yan kwamiti mutum huɗu a tebur, da wata mata mai tabarau a tsakiya. Mai Kwat yana gefe. Na ajiye wayata a gabansu. Na faɗi abin da na faɗa: sunan nan nawa ne, kuma ni na kai adireshin benci.

Matar ta tambaye ni abin da ya sa direbobi ba su kwafi na allo ba. Na ce ranki ya daɗe, ki sauka ki ga allon, akwai sanarwar rasuwar mutumin da ya yi shekara uku a kabari. Wani a cikinsu ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Ta tambayi Mai Kwat ko gaskiya ne an nuna manhajar a otal. Ya ce an nuna. Ta ce ta wace ƙofa? Ya ce sai ya bincika. Ta rubuta wani abu.

Da zan fita mai gadi ya tare ni. Yaron da na sani tun yana goge gilashi. Ya ce, "Baba, ka yafe ni, an ce in karɓa." Ya kasa kallona. Na ciro katin na ba shi, na ce ya riƙe da kyau, ya girme shi.

Asabar

Ba komai.

Lahadi, bayan azahar

Na je wurin Dogo ni kaɗai. Na tsaya a bakin gadon, na fara magana, ya ce, "Baba, in ka ce abin da nake jin za ka ce, zan tashi da ƙafar nan in bar maka ɗakin. Ni na karɓi wayar daga hannunka." Na ce ƙarya yake, ba zai iya tashi ba. Ya ce in ɓare masa lemo in yi shiru.

Na ɓare. Ya yi tsami, ya shanye.

Talata, da yamma

Hukunci ya fito. Ba a kore ta ba. An ba ta takardar gargaɗi, an ƙara mata watannin gwaji. Mai Kwat yana nan a kujerarsa da kwat ɗinsa, ba wanda ya ce mana an yi masa ko tari. Wa ya buɗe ƙofa? Wai ba a iya tabbatarwa ba. Ba a iya ba!

Kuma akwai sharaɗi. In wata ya ƙare direbobin babban gareji ba su koma manhajar ba, za a soke aikin gaba ɗaya, kuma ba aikin, ba ita. Wato sun kore ta ne a hankali. Sun san benci ya rantse.

Mai Kwat ya ba da shawarar a manna sabuwar sanarwa, da manyan baƙaƙe.

Da ina cikin gareji, da kofi biyu na gama maganar nan. Ina waje.

Laraba, da hantsi

Ta tambaye ni, "Kaka, ƙarfe nawa benci yake cika?"

Na ce me za ta yi da shi. Ta ce matar mai tabarau ta ba ta izinin sauka.

Na ce to ta saurara. Kada ta je da kwamfuta. Kada ta tsaya a kansu, ta zauna. Kada ta fara magana sai an miƙo mata kofi, kuma ta sha ko ya yi mata zaƙi. Za su zage ta a kaikaice, ta bari su gama. Mai jan motar asuba baki gare shi amma ba shi da mugunta. Wanda za ta kula da shi shi ne mai shirun da ke ƙarshen benci, in ya miƙo wayarsa, sauran za su miƙo.

Ta ce, "A ina zan zauna?"

Na ce gefen katanga. Ba kowa a wurin yanzu.

Alhamis, bayan magariba

Ta je benci, waya uku kawai aka miƙo mata. Sun ce mata aikin yara. Ta ce ta shanye shayin.

Asabar, bayan la'asar

An sallami Dogo jiya, yau ya sa ɗansa ya kai shi gareji da sanduna. Injiniya ce ta ba ni labari, tana yi tana kwaikwayon muryarsa. Wai ya ɗora ƙafar mai filasta a kan benci ya ce, "Ni na karye, ni ke da ikon yin fushi. Wanda ƙafarsa ke lafiya ya rufe mini baki." Ya miƙa mata wayarsa. Ta goge tsohon tambarin, ta sa na gaskiya. Ya rubuta cewa ƙafar direba tana buƙatar gyara, ya aika. Ba a jima ba sai ga babban bakanike ya fito daga rumfarsa da waya a hannu yana ihu, wane ɗan iska ne yake wasa da shi.

Ta ce benci ya kusa kifewa. Mai shirun ya miƙo tasa.

Ta kuma ce ta mayar da sabar gwaji ja wur, ko makaho ya buɗe zai san ba ita ba ce, kuma ƙofar tana rufe, ta sa an rubuta a takarda wanda ke da ikon buɗewa.

Na ce ta nuna mini jan. Ta ce, "Angona, ko a mafarki."

Na yi kamar na ji haushi.

Laraba, da safe

Na fita tun duhu bai gama washewa ba. Ba a hana ni titi ba, titi ba na kamfani ba ne. Akwai wani dakali a gaban shagon mai faci, daidai tsallaken ƙofar gareji. Na zauna.

Aka buɗe ƙofa. Motar farko ta fito, ta biyu na bin ta, ta uku, kowace da direbanta, kowace ta kama hanyarta. Ba ihu, ba mai raba aiki yana gudu da takarda. Wata mota ɗaya na hango an janye ta gefe, bakanike yana ƙarƙashinta, wai direban ya rubuta jiya da yamma cewa birki yana laushi. Ba ta fita ba. Na daɗe ina kallon ƙafafun bakaniken nan.

Mai jan motar asuba ya gan ni ya danna ham. Na bayansa ma ya danna. Haka suka yi ta yi har mai faci ya ce, "Baba, kai wane ne?" Na ce ni ba kowa ba ne, jikata ce take fitar da motocin nan.

Jiya matar mai tabarau ta gaya wa Injiniya cewa babban gareji ya shiga gaba ɗaya, aikin ya tsira, ita ma ta tsira. Katina bai dawo ba, kuma ba zan roƙa ba. Mai Kwat na ji an ce yana shirya wani jawabin. Ya yi ta yi.

Na gaya wa tsohuwata gobe ta ajiye wankinta. Na aika wa uwar Injiniya, da kawunnanta, da 'yan ajinmu na yamma da suka rage, da maƙwabcin da ya ce mace ba ta injiniya. Ba abin da zan tura wa kowa a waya. Mai son gani ya tako da ƙafarsa. Dakalin mai faci yana ɗaukar mutum biyar, sauran su tsaya. Ku zo da asuba kafin a buɗe ƙofa, ku zo ku gani!